Yadda Ake Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaji a Gida a Karon Farko

Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21 kafin ɗan tsako ya fito daga cikinsa, kuma a tsawon waɗannan makonni uku abubuwa huɗu yake nema: zafin da ba ya hawa ba ya sauka, danshi daidai gwargwado, iska mai shiga da fita, da kuma juyi a kai a kai. Kaza mai kwanci tana ba shi duka huɗun ba tare da an koya mata ba. Wanda ya sayi injin ƙyanƙyasa kuwa ya ɗora wa kansa aikin kazar ne, kuma takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin injin ba a rubuta ta da hunturun Katsina ko bazarar Sakkwato a zuciya ba, ba a kuma yi la'akari da gidan da ake ɗauke wa wuta a wuni ba a dawo da ita ba. Saboda haka lambobin da ke cikin takardar mafari ne kawai, sauran aikin yana wurin mai kiwon da zai daidaita su da yanayin garinsa da halin ɗakinsa.

Ƙwan da ya cancanci a sa

Yawancin asarar da masu farawa ke yi tana faruwa ne tun kafin a kunna inji. Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwa don ci ya fito ne daga gidajen gona inda kaji ke zaune ba zakara, kuma irin wannan ƙwai ko wata guda ya yi a cikin zafi ba abin da zai fito daga cikinsa. Dole ne ƙwan ya zo daga garken da ke da zakara mai lafiya da kuzari, zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, kuma idan sabon zakara ne aka kawo, ya kyautu a bar shi da kajin kamar mako guda kafin a fara tara ƙwai. Abincin iyayen ma yana da hannu a ciki, domin kazar da ba ta samun komai sai dusa tana yin ƙwai mai raunin ɓawo da ƙarancin abin da ɗan tsako zai ginu da shi.

Wanda zai sayi ƙwai a waje ya tambayi irin kajin. Kajin gida, wato kajin Hausa, suna haifar irinsu. Amma irin da aka samar ta hanyar haɗa jinsi, kamar Noiler ko Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya ta fitar, idan aka ƙyanƙyashe ƙwan da suka yi a gida, 'ya'yan ba lallai su yi girma ko yawan ƙwan iyayensu ba. Wannan ba ya hana a sa ƙwan, sai dai mutum ya san abin da yake tsammani.

A zaɓi ƙwai mai matsakaicin girma, mai siffar ƙwai ta asali, mai santsin ɓawo. A ware wanda ya cika girma domin sau da yawa gwaiduwa biyu ke cikinsa, a ware ƙarami ƙwarai, da mai tsaga komai ƙanƙantarta, da wanda kashin kaji ya ɓata sosai. Kada a wanke ƙwan da za a ƙyanƙyashe. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma kaza tana sakin ƙwan ne da wani siririn rufi a kansa da ke tare ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wanke wannan rufi, ya kuma tura datti ciki. Idan ɗan datti ne kaɗan, a goge shi da busasshen ƙyalle a hankali.

Ajiyar ƙwai kafin a sa shi ita ce wurin da zafin ƙasarmu ya fi yin ɓarna, kuma ina ganin mutane ba sa ba ta muhimmancin da ya kamata. Ƙwan da ke jiran shiga inji ya fi son sanyin digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 24 ko makamancin haka, halittar da ke ciki tana fara motsi a raunane, ba ta tsaya ba kuma ba ta ci gaba yadda ya dace ba, har ta galabaita kafin a sa ta a inji. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Kano ko Maiduguri ko Maraɗi, ƙwan da aka bari a ɗaki mai rufin kwano na tsawon mako ya riga ya lalace ko da a ido yana nan lafiya. Firji kuma ya yi masa sanyi da yawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa a ɗakin ƙasa, ko a yi amfani da dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan lambu, muddin dai ruwa bai taɓa ƙwan ba. A jera ƙwan tsininsa yana kallon ƙasa, kuma kada ajiyar ta wuce kwana bakwai. A lokacin zafi ma kwana uku zuwa huɗu ya fi. Ƙwan da aka yi tafiya da shi a mota ko a babur a bar shi ya huta wuni guda kafin a sa shi.

Kaza ko inji

Wanda ke da kazar gida mai son kwanci, shawarata ita ce ya fara da ita. Ana gane ta da ƙin tashi daga gurbi ko da dare, da buɗe gashi da ƙara idan an kai hannu. Ƙwai 10 zuwa 12 ya ishe ta, gwargwadon girmanta, kuma ma'aunin shi ne kada a ga ƙwai yana leƙowa daga ƙarƙashinta. A keɓe mata gurbi a inuwa inda sauran kaji ba za su riƙa zuwa suna ƙara mata sabon ƙwai ba, a yi wa nata alama da fensir, a ajiye ruwa da hatsi kusa, a kuma zuba toka da yashi inda za ta yi birgima saboda ƙuma, domin ƙuma tana iya tayar da kaza daga kwanci tun kwanaki ba su cika ba. Tashin da take yi sau ɗaya a rana ta ci ta sha ba ya cutar da ƙwan.

Injin yana da amfani ga wanda ke son ƙwai da yawa a lokaci guda, ko wanda kajinsa ba sa kwanci. Kafin a saya, tambayar farko ita ce ta wuta. Ƙananan injuna masu ɗaukar ƙwai daga dozin guda zuwa sittin da ɗoriya, da yawansu suna aiki da wutar gida da kuma batir mai bolt 12, kuma wannan nau'in ne ya dace da mu, domin ana iya haɗa shi da batir da farantin sola ya yi ta aiki ba yankewa. Injin da ke da fanka a ciki ya fi sauƙin sarrafawa, saboda zafin yana bazuwa ko'ina daidai. A ajiye shi a ɗakin da rana ba ta bugunsa, nesa da taga da ƙofa, a kan tebur da yara ba za su kai hannu ba.

A kunna injin ba ƙwai a ciki na tsawon awa 24 kafin ranar farawa. Lambar da ke fitowa a fuskar ƙananan injuna ba kullum take gaskiya ba, saboda haka a sa ma'aunin zafi irin na asibiti a ciki, a daidai tsayin da saman ƙwai zai kasance, a gwada shi da abin da injin ke nunawa. Injin mai fanka ana tsayar da shi a digiri 37.5 zuwa 37.8. Wanda ba shi da fanka kuwa, tunda iska mai zafi tana taruwa a sama, ana neman kusan digiri 38.5 a saman ƙwan. Bambancin rabin digiri yana iya zama kamar ba komai ba, amma idan ya ɗore makonni uku yana sa 'yan tsaki su fito da wuri a raunane idan zafin ya yi yawa, ko su makara idan ya gaza.

Daga ranar farko zuwa ta 18

Ranar da aka sa ƙwai ba a lissafa ta. Washegari ne kwana ɗaya. Ƙwan da aka sa ranar Litinin, ranar Litinin ta uku da za ta biyo baya ake sa ran fitowarsa, kuma Juma'ar da ke gabanta ita ce rana ta 18. A sa ƙwan duka a lokaci guda, kada a riƙa ƙara sabo bayan kwanaki, domin bukatun ƙwan da ke dab da fashewa sun saɓa da na wanda ya fara. Haka nan kada a haɗa shi da ƙwan zabi ko na talotalo, waɗanda ke kai wa kwana 26 zuwa 28, balle na agwagwar gida da ke kai wa kwana 35. Bayan an zuba ƙwai zafin injin zai faɗi na wasu awanni, kuma wannan ba dalilin ƙara lamba ba ne. Da kansa zai dawo.

Juyi yana hana halittar mannewa a jikin tantanin ɓawo, kuma ya fi muhimmanci a makon farko. Idan injin yana juyawa da kansa, a riƙa leƙawa a tabbatar cewa da gaske yana yi. Idan da hannu ne, a yi wa kowane ƙwai alama a ɓangarori biyu da fensir, a juya shi sau uku ko sau biyar a rana. Ana zaɓar adadin da ba ya rabuwa biyu ne don kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Mai juyi sau biyar zai ga lokutan salla sun raba masa yinin yadda ba zai manta ba. A wanke hannu kafin a taɓa ƙwai da kuma bayan an taɓa, a yi aikin da sauri a rufe.

Danshi shi ne inda ake bukatar hankali fiye da lamba. Abin da aka saba bayarwa shi ne kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwanaki 18 na farko, amma manufar ita ce ƙwan ya rasa kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa ta hanyar tururin ruwa, ta yadda sararin iskar da ke ɓangarensa mai faɗi zai girma ya isa ɗan tsako ya yi numfashinsa na farko a ciki. A hunturu iskarmu tana bushewa ƙwarai, ruwan farantin injin yana ƙafewa da wuri, kuma idan aka yi sakaci ƙwan zai bushe fiye da kima, ɗan tsako ya fito ƙarami ko ya manne a ciki. A tsakiyar damina kuma iskar ɗaki kanta tana ɗauke da danshi mai yawa, har wani lokaci ruwa kaɗan ake bukata, kuma wanda ya cika farantin kamar yadda takarda ta ce zai tarar da 'yan tsaki sun girma cikakku amma sun mutu a cikin ƙwai saboda sararin iskar bai isa ba. Abin da ke ƙara danshi faɗin fuskar ruwa ne, ba zurfinsa ba. Idan ana son ƙari sai a sa faranti na biyu ko jiƙaƙƙen soso, idan ana son ragi sai a rufe rabin farantin. A riƙa zuba ruwa mai ɗumi, kuma kada a toshe ƙofofin iska don a riƙe danshi, domin bukatar iska tana ƙaruwa ne yayin da ɗan tsako ke girma.

Ana duba cikin ƙwai da tocila mai ƙarfi a ɗaki mai duhu, a ɗora hasken a ɓangare mai faɗi. A rana ta bakwai, ƙwai mai rai yana nuna ɗan baƙin ɗigo da jijiyoyin jini da suka bazu daga gare shi kamar ƙafafun gizo-gizo, wani lokaci ma har a ga motsi. Wanda haske ya ratsa shi fes ba komai sai inuwar gwaiduwa, zakara bai taka kazar ba ko kuma ƙwan ya mutu tun a ajiya. Wanda aka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ya fara sannan ya mutu. Idan ana kokwanto, musamman a ƙwai mai duhun ɓawo, a yi masa alama a sake dubawa a rana ta 14, lokacin da mai rai zai yi duhu sosai. A wannan dubawar a cire duk wanda ya tabbata dungu, kuma duk ƙwan da ya fara wari ko tsattsafo a fitar da shi nan take, domin idan ya fashe a ciki zai gurɓata sauran. A kowace dubawa a zagaye iyakar sararin iska da fensir. Wannan zanen ya fi kowace na'ura faɗin gaskiya game da danshi: idan sararin yana girma da sauri a ƙara ruwa, idan bai motsa ba a rage. Zuwa rana ta 18 ya kamata ya kusa cinye sulusin ƙwan.

Idan aka ɗauke wuta kuma ba batir, kada a firgita a buɗe injin. A lulluɓe shi da bargo, a bar ƙofar iska a buɗe, kuma idan abin ya daɗe a jingina robobin ruwan ɗumi a ciki ba tare da sun taɓa ƙwai ba. Sanyin 'yan awanni yana jinkirta fitowa ne kawai a mafi yawan lokuta. Zafi ne ke kisa da sauri, domin awanni kaɗan sama da digiri 40 da ɗoriya sun isa su hallaka ƙwan duka. A tuna cewa injin yana ɗumamawa ne kawai, ba ya sanyaya, saboda haka idan ɗakin da kansa ya kai digiri 40 da tsakar ranar bazara, cikin injin ba zai gaza haka ba. Wannan ne ya sa nake ganin mai farawa ya guji watannin Maris zuwa Mayu, sai dai in yana da ɗaki mai sanyi. Ƙarshen damina zuwa farkon hunturu ya fi sauƙi ga ƙwai da kuma mai shi.

Kwanaki uku na ƙarshe

A rana ta 18 a daina juyi, a cire abin juyin idan yana ciruwa, a kwantar da ƙwan a gefensa a kan wani abu mai kaushi kamar tsohon tawul mai tsabta, domin ɗan tsakon da ya fito a kan santsi ƙafafunsa suna iya bajewa su ƙi tsayuwa. A ɗaga danshi zuwa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, a rufe injin, daga nan kuma aikin mai kiwo ya koma kallo ta gilashi.

Wajen rana ta 19 zuwa ta 20 ɗan tsako yana huda tantani da bakinsa ya shiga sararin iska, kuma a lokacin ne ake fara jin kukansa daga cikin ƙwan da bai fashe ba. Bayan haka sai ya tsaga ɓawo da ɗan ƙahon da ke kan bakinsa, sannan ya tsaya. Wannan tsayawar tana iya kai awa 12 har zuwa 24, kuma a nan ne masu farawa ke kashe 'yan tsaki da hannunsu saboda tausayi. Ɗan tsakon ba maƙalewa ya yi ba. Huhunsa ne ke sabawa da iska, jinin da ke cikin jijiyoyin tantani yana komawa jikinsa, sauran gwaiduwa kuma tana shigewa cikinsa ta cibiya. Wanda ya ɓare ɓawon kafin wannan ya kammala zai ga jini, kuma da wuya ɗan tsakon ya rayu. Buɗe injin ma kaɗai yana da illa, musamman a hunturu, domin busasshiyar iska tana shiga ta ƙafar da tantanin ƙwan da aka riga aka tsaga, ya ɗaure ɗan tsakon har ya kasa juyawa. Taimako yana da wuri ne kawai idan an wuce awa 24 da tsagawa ba ci gaba kuma tantanin ya bushe ya yi ruwan ƙasa; a nan ana jiƙa shi da ruwan ɗumi, a ɓalle ɓawo kaɗan kaɗan, a tsaya da zarar an ga alamar jini.

Wanda ya fito zai kwanta a jiƙe a gajiye, kuma haka ya kamata ya kasance. A bar shi a cikin injin har gashinsa ya bushe ya tashi. Gwaiduwar da ya haɗiye tana riƙe shi kwana biyu ba ci ba sha, saboda haka babu gaggawar fito da na farko alhali wasu suna kan hanya. A jira har rana ta 23 kafin a yanke ƙauna da sauran.

Bayan fitowa

Wurin reno ya kasance a shirye tun rana ta 18: kwali ko kewayen langa-langa, an shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako, da abin ɗumi a gefe ɗaya. A makon farko ana neman digiri 32 zuwa 35 a ƙarƙashin abin ɗumin, sannan a riƙa rage kamar digiri uku kowane mako. 'Yan tsakin da kansu suna nuna halin da suke ciki: idan sun cunkushe a gindin wuta suna kuka sanyi suke ji, idan sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna tsince-tsince to an dace. Mai amfani da kaskon gawayi ya bar wutar ta ruru a waje tukuna, ya kuma bar iska tana shiga ɗakin, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe kaji yana kashe mutane. A fara ba su ruwa kafin abinci, a tsoma bakin kowanne a ciki sau ɗaya, a zuba tsakuwa a mazubin don kada su nutse, sannan a kawo abincin 'yan tsaki na makonnin farko. A rufe saman wurin da raga saboda ɓera da kyanwa. Kimanin rabin abin da ya fito zakaru ne, kuma yana da kyau a san yadda za a yi da su tun kafin su girma.

Rigakafin cutar Nukasil da ta Gumboro a makonnin farko ba abin wasa ba ne, domin ɗayansu tana iya share wahalar mako uku cikin kwana biyu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin waɗannan magunguna, har da na Nukasil mai jure zafi da aka yi don kajin karkara, kuma likitan dabbobi na yankin shi ne zai tsara ranakun. Tunda kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa kuma ba a ajiye ta bayan an haɗa, maƙwabta masu kiwo suna iya haɗa kuɗi su yi rana ɗaya.

Baragurbin da ya rage kada a zubar da shi ba a duba ba. A fasa shi a waje, nesa da kaji, a rubuta abin da aka gani. Idan yawancinsa ba alamar halitta, matsalar tana wurin zakara ko ajiya. Idan mutuwar ta farkon kwanaki ce, a binciki zafi da juyi da tsufan ƙwan. Idan kuwa cikakkun 'yan tsaki ne da ba su tsaga ba, a koma kan danshi da iska, a duba zanen fensir da aka yi a ɓawon. Bayan haka a binne su, a wanke injin da ruwan sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an jiƙa wayoyinsa ba, a bar shi a buɗe ya bushe sarai kafin a sake zuba wani ƙwan.